Agogon Auna Bugun Zuciya: Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Jama'a, a 'yan shekarun nan agogon hannu ya sami ƙarin girma. Da can aikinsa ɗaya ne, ya gaya maka lokacin salla da lokacin tashi daga ofis. Yanzu kuwa ya zama wani ɗan likita da ke maƙale a tsintsiyar hannu: yana ƙirga takun mutum, yana lissafin barcinsa, sa'an nan yana nuna masa wai sau nawa zuciyarsa ke bugawa a minti ɗaya. Duk wanda ya tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Idu a Abuja, inda tun watan Yuli na 2016 ake shiga jirgin Kaduna, ya dubi hannuwan fasinjoji, zai ga yayin ya kama manya da yara, ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa. Da sassafe kuma, a faffaɗan titunan unguwar masana'antu ta Idun, ko a bakin tafkin Jabi ranar Asabar, za ka ga magidanta suna sassarfa, in an ɗan taɓa tafiya sai su ɗaga hannu su duba, kamar mai jiran baƙo.

Motsa jiki abu ne mai kyau, wannan ba mai musu. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce ya kamata baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako. A ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin uku na manyanta ke fama da hawan jini, duk abin da zai tayar da mai ƙiba daga kujera ya cancanci a yi masa maraba. Amma fa akwai magana. Lambar nan da agogon ke nunawa kintace ne, kuma kintacen ya fi kauce wa gaskiya a daidai lokacin da aka fi bukatarsa, watau sa'ad da mutum yake tsakiyar gudu ko aikin ƙarfi. Ga shi kuwa mutanenmu sun fara ɗaukar lambar tamkar daga bakin likita ta fito. Ni a ganina lokaci ya yi da za a gaya wa jama'a iyakar wannan na'ura, kuma hukumominmu su gwada ta a kan fatarmu da yanayinmu, maimakon mu zauna muna jiran abin da aka gwada a wata nahiya.

YADDA YAKE AIKI

Mai karatu, juya agogon ka dubi cikinsa. Za ka ga wasu 'yan ƙananan fitilu masu koren haske, da wani ɗan ido mai karɓar haske. Jini ja ne, saboda haka yana shanye koren haske. Duk lokacin da zuciya ta buga, jini yakan ƙaru a ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata, sai hasken da ke komawa wurin idon ya ragu. Tsakanin bugu da bugu kuma sai ya ƙaru. Daga wannan raguwa da ƙaruwa ne agogon ke yin lissafinsa. Ashe ke nan agogon bai taɓa jin zuciya ba, inuwarta yake hange daga nesa.

Na'urar asibiti wadda likitoci ke kira ECG, ita daban take. Tana karanta ɗan lantarkin da zuciya da kanta ke fitarwa a kowane bugu. Haka ma ɗamarar ƙirji da 'yan wasa ke ɗaurawa, wadda kamfanin Polar na ƙasar Finland ya fara sayar da irinta maras waya tun 1982. Waɗannan biyun a bakin ƙofar zuciya suke zaune.

Misalin agogon hannu kuwa kamar mutum ne da ke zaune a ɗaki yana ƙirga masu wucewa ta wurin kallon inuwarsu a jikin asabari. In iska ta kwanta, lissafinsa zai yi daidai. In iska ta taso tana kaɗa asabarin, sai ya ƙirga mutum ɗaya sau biyu, ko mutum uku su wuce bai gani ba. To, motsa jiki shi ne iskar. Hannu yana lilo, agogo yana zamewa, gumi yana shiga tsakaninsa da fata, hasken rana yana kutsawa ta gefe. In mutum ya damƙe abu da ƙarfi, kamar mai ɗaga ƙarfe ko mai sara da diga, tsokar hannu takan ɗaure ta sauya yadda jini ke gudana a wurin. In da sanyi, irin na asubahin hunturu, jini yakan janye daga fata ya koma ciki, sai abin da agogon ke gani ya dushe.

Akwai kuma wani ruɗu da masu tsere suka sani sarai. Mai gudu yakan yi taku 160 ko 170 a minti ɗaya, adadin kuwa yana kusa da bugun zuciyar mai gudu. Wani lokaci sai agogon ya saki zuciya ya kama ƙirga saukar ƙafa, ya nuna wa mai shi lambar takunsa da sunan bugun zuciya. Bayan haka, in mutum ya ƙara wuta farat ɗaya, agogon yakan makara kafin ya cim ma zuciyar. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta wa masu sayen agogonsa cewa sanyi, da zanen tawada a fata, da motsi maras tsari irin na dambe ko wasan tanis, duk suna iya hana a sami karatu mai kyau, ya kuma ce in haka ta faru ana iya haɗa agogon da ɗamarar ƙirji. Wanda ya ƙera ya faɗa, mai saye ne bai karanta ba.

ABIN DA GWAJI YA NUNA

Wannan magana ba shaci-faɗi ba ce, an gwada. A asibitin Cleveland Clinic na Amurka, likitocin zuciya sun ɗora mutum 50 masu lafiya a kan injin gudu, suka ɗaura musu agoguna iri huɗu da ɗamarar ƙirji, suka kwatanta da na'urar asibiti. Sakamakon ya fito a mujallar JAMA Cardiology a farkon 2017. In aka ce cikakkiyar dacewa da na'urar asibiti maki 100 ce, ɗamarar ƙirji ta sami 99, Apple Watch da Mio Fuse suka sami 91, Fitbit Charge HR 84, Basis Peak kuma 83. Abin lura shi ne a zaune duk sun yi ƙoƙari, da motsi ya shigo ne suka fara tangal-tangal.

A shekarar nan ta 2017 kuma, masana a Jami'ar Stanford, ƙarƙashin Farfesa Euan Ashley, sun gwada agoguna bakwai a jikin mutum 60, suna zaune, suna tafiya, suna gudu, suna tuƙa keke. A nan labarin ya ɗan yi daɗi, domin shida daga cikin bakwai kuskurensu wajen bugun zuciya bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Amma wajen lissafin kuzarin da jiki ya ƙona, watau kalori, babu ko ɗaya da ya haye. Wanda ya fi kowa ƙoƙari ya kauce da kashi 27 cikin 100, na ƙarshe kuwa da kashi 93 cikin 100. Saboda haka magidancin da ya dawo daga sassarfa ya ce agogo ya nuna ya ƙona kalori 600, don haka a ƙaro masa malmalar tuwo, ya sani da ramuwar gayya yake yi wa cikinsa a kan shaidar da ba ta tsaya ba. Masanan sun kuma lura kuskure ya fi yawa ga maza, da masu ƙiba, da masu duhun fata, da lokacin tafiya.

Har kotu maganar ta kai. A watan Janairu na 2016 wasu masu saye sun kai ƙarar kamfanin Fitbit a jihar Kalifoniya, suna cewa agogunansa ba sa auna bugun zuciya daidai lokacin motsa jiki. Lauyoyinsu suka sa aka yi gwaji, aka ce an sami bambancin bugu wajen 20 a minti sa'ad da motsi ya yi ƙarfi. Kamfanin ya ƙi yarda, ya ce gwajin na masu ƙara ne, su suka biya kuɗinsa. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, darasin da ke ciki shi ne a can mai saye yana da inda zai kai kuka, kuma akwai masu awo da za a kira.

Wani zai ce ai waɗannan tsofaffin agoguna ne, na yanzu sun fi su. Gaskiya ne an sami ci gaba, an ƙara yawan fitilu, an gyara lissafi. Amma tushen aikin bai sake ba, har yanzu haske ne ake harbawa cikin fatar hannun da ke lilo. A 2020 masana a Jami'ar Duke sun gwada na'urori shida a jikin mutum 53, suka ga kuskure lokacin motsi ya ɗara na lokacin hutu da kimanin kashi 30 cikin 100.

MAGANAR FATARMU

A nan ne gizo ke saƙa. Sinadarin da ke sa fata duhu, wanda masana ke kira melanin, shi ma yana shanye koren haske. Watau a hannun baƙin mutum, hasken da zai shiga ya taɓo jini ya dawo ya riga ya ragu tun daga bakin ƙofa. Masu ƙera agogo sun san da haka, wasunsu sukan sa fitilar ta ƙara ƙarfi in ta ga haske bai dawo sosai ba. Tambayar ita ce ko wannan dabara tana wadatarwa sa'ad da mutum ke gudu cikin zafin watan Maris, gumi na tsiyaya.

Masana sun rabu a kan wannan. Gwajin Stanford ya ga duhun fata yana ƙara kuskure. Gwajin Duke bai ga wani bambanci ba, amma wasu masana sun soke shi da cewa masu baƙar fata sosai 'yan kaɗan ne a cikin waɗanda aka gwada. A 2022 wasu likitoci a ƙasar Kanada suka tattara binciken da aka yi, suka tarar guda 10 ne kawai suka damu da rubuta launin fatar waɗanda aka gwada, jimlar mutanen kuwa 469. Huɗu daga cikin goman sun ga awon ya fi rauni a kan masu duhun fata, huɗu ba su ga bambanci ba, biyu kuma sakamakonsu ya cakuɗe. Mai karatu, duba wannan adadi da kyau. Mutum 469 ba su cika babban masallacin unguwa ba ranar Juma'a, kuma cikinsu ma ba duka ne baƙaƙe ba. A kan wannan 'yar shaida ce ake sayar wa nahiya guda na'ura.

Kada a ce ana neman magana ne kawai. Mun ga irin wannan a wata na'urar da ta fi agogo muhimmanci. Ɗan matsin nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa don auna iskar oksijin a cikin jini, wanda ya yi tashe lokacin annobar korona, shi ma da haske yake aiki. A watan Disamba na 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka buga rahoto cewa na'urar takan nuna komai lafiya alhali iskar majiyyaci ta yi ƙasa, kuma wannan ɓoyayyen kuskure ya fi aukuwa ga baƙaƙen fata kusan ninki uku a kan farare. A watan Fabrairu na 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kai. Shekaru da yawa ana amfani da na'urar a asibitocin duniya kafin maganar ta fito fili. In haka ta faru da kayan asibiti, ina ga kayan ado da ake sayarwa a shagon waya?

INA HATSARIN YAKE?

Wani zai ce to, in agogo ya yi kuskuren bugu goma ko ashirin, sai me? Ga saurayi ɗan shekara 25 mai ƙoshin lafiya, ba komai. Amma ba samari ne kaɗai ke ɗaura shi ba. Da yawa daga masu sayensa dattawa ne da likita ya ce su rage ƙiba, ko masu hawan jini, ko masu ciwon sukari, ko wanda 'ya'yansa suka aiko masa da shi daga waje don ya riƙa lura da zuciyarsa.

Mu ɗauki misalin mai shekara 50. Lissafin da aka saba shi ne a cire shekarun mutum daga 220, abin da ya rage shi ne ƙololuwar bugun zuciyarsa, watau 170 ke nan. Matsakaicin motsa jiki yakan kama daga rabin wannan zuwa kashi 70 cikin 100, watau bugu 85 zuwa 119. Mai tsanani kuma daga nan zuwa wajen 145. To, a ce zuciyar wannan bawan Allah tana bugawa 150, agogo kuma ya makara yana nuna 125. Numfashinsa yana gaya masa ya sassauta, agogo yana gaya masa da saura. In ya bi agogo, ya tura kansa inda likita ya hana shi zuwa. In kuwa akasin haka ne, agogo ya kama ƙirga taku ya nuna 175 alhali zuciyar tana 120, sai tsoro ya kama shi, ya rataye takalmin gudu, ya koma kujera, watakila ma ya kwashi kuɗi ya kai wurin gwaje-gwajen da ba ya bukata. Ta kowace fuska an yi asara.

Shi kansa lissafin 220 ɗin kintace ne da aka yi tun wajen 1970. A 2001 wasu masana suka kawo wani, suka ce a ninka shekaru da 0.7 a cire daga 208. Kowanne aka bi, mutum biyu sa'o'in juna suna iya bambanta da bugu goma ko fiye. Agogon kuwa sau da yawa a kan irin wannan lissafi yake gina launukan da yake nuna maka, wai kana kore, wai ka shiga ja. Kintace ne aka ɗora a kan kintace.

Sa'an nan ga maganar magani. Akwai magungunan hawan jini da na zuciya, irin su atenolol da propranolol, waɗanda aikinsu shi ne rage saurin zuciya. Mai shan irinsu zai iya yin haki har ya gaji, zuciyarsa ba ta kai lambar da agogo ke nema ba. In ya nace sai ya kai, to, yana kokawa ne da maganinsa. Agogo bai san abin da ka haɗiya da safe ba. Haka nan bai san kana azumi ba, bai san zazzaɓin cizon sauro ya fara taɓa ka ba, alhali ƙishirwa da zazzaɓi da zafin rana duk suna ɗaga bugun zuciya.

NA KASUWA MARASA SUNA

Duk abin da na ambata a sama, a kan agogunan manyan kamfanoni ne, masu suna da za su ji kunya. A kasuwannin wayarmu kuwa, daga Legas zuwa Abuja zuwa Kano, ban da na ƙwarai akwai tarin waɗansu da ba a san uwarsu ba balle ubansu, kwalinsu ya yi kama da na asali, farashinsu bai kai na buhun shinkafa ba. A jikin kwalin za ka ga an rubuta suna auna bugun zuciya, da hawan jini, da iskar jini, wasu har da sukari. Kyan ɗan maciji ke nan.

A 2018 an yi ta dariya a ƙasar Sin sa'ad da mutane suka gano in an ɗaura wasu agogunan a jikin naɗin takardar bayan gida ko ayaba, sai su nuna bugun zuciya. Kai, har wasu masu tsada sun faɗa wannan tarko, domin idon agogon haske kawai yake nema. A watan Fabrairu na 2024 kuma hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa ba ta amince da kowane agogo ko zobe da ke da'awar auna sukarin jini ba tare da huda fata ba, ta ce kada a yi amfani da su. Yanzu ka yi tunanin tsohuwa mai ciwon sukari a Karmo ko Gwagwa, wadda ɗanta ya saya mata irin wannan don tausayi, ta duba ta ga lamba mai kyau ta ajiye maganinta. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma ita wannan ba a gaya mata rariya ba ce.

Don kada a ce na yi son zuciya, agogon ƙwarai yana da ranarsa. In mutum yana zaune ko yana barci, awonsa yana kusa da gaskiya, kuma ganin yadda bugun hutu ke sauka daga wata zuwa wata yana ƙarfafa wa mai motsa jiki gwiwa. A binciken da Jami'ar Stanford ta yi da kamfanin Apple, wanda ya fito a 2019 kuma mutum fiye da 400,000 suka shiga, agogon ya ankarar da wasu cewa bugun zuciyarsu ba ya tafiya bisa tsari, aka bincika aka tabbatar wa waɗansunsu da cutar. Amma a lura, ko a can ɗin aikin agogon shi ne ya ce je ka ga likita. Hukunci na asibiti ne.

AIKIN HUKUMA

Mu mutane ne da suka san darajar ma'auni. A kasuwar hatsi, wanda ya tauye mudu ya sha kunya, addini ma ya yi masa kashedi mai tsanani. Gwamnatin Tarayya tana da sashen awo da ma'aunai a Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, mai duba sikeli da famfon gidajen mai. In litar fetur ta cancanci a bi ta da awo, ina ga bugun zuciyar ɗan Adam?

Abin da ya sa na fara da Idu ke nan, domin a nan unguwar akwai misalin abin da nake nufi. A Idu ne cibiyar binciken magunguna ta ƙasa take, watau NIPRD, wadda aka kafa a 1987. Ita ce ta haɗa maganin Niprisan na masu sikila daga itatuwan ƙasar nan. A 2020, sa'ad da aka kawo ruwan maganin nan na ƙasar Madagaska ana cewa yana warkar da korona, cibiyar ce ta bincika shi, ta ce ba ta ga shaidar warkarwa ba. Ba a tsaya jiran Turai ta yi magana ba, an kai abu ɗakin gwaji an duba. Na san agogo ba magani ba ne, kuma ba lalle aikin ya faɗa kan wannan cibiya ba. Halin nake so a ɗauka: an kawo mana abu da kirari, mu auna da kanmu.

Gwajin kuwa ba mai tsada ba ne. Injin gudu, da keken motsa jiki, da na'urar ECG, da 'yan sa kai ɗari biyu ko uku, maza da mata, sirara da masu jiki, farare da wankan tarwaɗa da baƙaƙe wuluk. Duk waɗannan akwai su a Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, da Asibitin Koyarwa na Gwagwalada, da na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A sayo agogunan da mutane ke saye da gaske a kasuwa, masu tsada da masu araha. A gwada da sanyin Janairu, a sake gwadawa da zafin Afrilu. A sa har da mata masu lalle a hannu, tun da masu ƙerawa sun ce zane a fata yana tare haske. A sa har da lebura mai sauke buhu da mai buga bulo, irin waɗanda suka cika masana'antun Idu, domin motsin hannunsu ba irin na mai gudu a kan inji ba ne. Ɗaliban likita da ke neman abin da za su rubuta a kai, ga aiki ya samu.

In sakamako ya fito, a buga shi da Hausa da Yarabanci da Ibo da Turanci, a karanta a rediyo. Sa'an nan hukumar NAFDAC, wadda dokarta ta haɗa da kayan aikin lafiya, da hukumar SON mai kula da ingancin kaya, da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, su tsaya a kan abu ɗaya: duk agogon da kwalinsa ya ce yana auna hawan jini ko sukari, ko dai mai shigo da shi ya kawo shaida, ko a hana shi wannan da'awa. Wanda kuma na motsa jiki ne kawai, a manna masa takarda da manyan baƙaƙe cewa wannan ba kayan asibiti ba ne.

KAFIN NAN

Wani hanzari ba gudu ba, kafin hukuma ta motsa, mai agogo yana da abin yi. Ɗaura shi sama da ƙashin tsintsiyar hannu da kamar faɗin yatsa ɗaya ko biyu, ya kama sosai ba tare da ya matse ba, ka riƙa goge cikinsa daga gumi da ƙura. In da sanyi, ka ɗan ɗumama jiki kafin ka gaskata lambarsa. Ka kuma gwada shi da kanka: tsaya, ɗora yatsu biyu a jijiyar da ke gindin babban yatsa, ƙirga bugu na daƙiƙa 30, ka ninka biyu, ka kwatanta. Yi haka kana hutawa, ka sake yi nan take bayan gudu. Baligi mai hutawa yawanci tsakanin 60 da 100 yake.

Akwai ma awon da ba ya cin batir. In kana tafiya kana iya magana amma ba ka iya rera waƙa, kana matsakaici. In ba ka iya haɗa kalmomi kaɗan sai ka tsaya ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. Wanda yake da ciwon zuciya, ko likita ya yanka masa iyakar da ba zai wuce ba, ya nemi ɗamarar ƙirji, ya kuma tambayi likitan lambar da ta dace da shi da magungunansa. Mai hawan jini ya riƙe na'urar nan mai ɗaure dantse, mai sukari ya riƙe tsinkensa na huda yatsa.

Abu na ƙarshe kuma shi ne mafi girma. In kana motsa jiki ka ji ƙirji ya ɗaure ko yana zafi, ko zafin ya gangara hannu ko muƙamuƙi, ko jiri ya ɗebe ka, ko numfashi ya gagara fiye da yadda ka saba, tsaya nan take ka nemi asibiti, ko da agogo yana nuna komai lafiya lau. Jiki magayi, in ji masu iya magana, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Allah ya ƙara mana lafiya, ya kuma ba shugabanninmu ikon duba wannan al'amari tun kafin ya ci wani. Amin.